Yadda ake mayar da awon kofi da mudu zuwa giram da kilo

Duk mai girki irin na gida a Makka ko Jidda ko Madina yana fama da awo iri biyu a madafa ɗaya. A baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, da manyan kantuna da kilo da lita ake sayar da komai, fulawa a leda ta kilo 1 ko 2, shinkafa a buhu na kilo 5 ko 10 ko 40, man girki kuma a roba ta lita ɗaya da rabi. Girkin da muka gada kuwa, da wanda ake karanto mana ta waya daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, da mudu da kwano da gwangwani ake faɗarsa, maƙwabtanmu Larabawa su ma su faɗi nasu da kofi da finjali da robar zabadi, wato yogot. Daga nan ne ake yawan tambaya ko kofi ɗaya giram nawa ne, kuma wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya, domin kofi yana auna wurin da abu ya cike ne, sikeli kuma yana auna nauyinsa. Kofin da ya ɗauki giram 125 na fulawa, shi ne zai ɗauki giram 200 na sukari, ya kuma ɗauki giram 340 na zuma. Saboda haka sai an san abu biyu kafin a yi lissafi, wato girman mazubin da ake awo da shi, da kuma irin abin da aka zuba a cikinsa.

Da ruwa ake fara komai, domin shi ne abu ɗaya a kicin da awonsa biyu suka zo daidai. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, mililita 1 kuma giram 1, kuma ba dace aka yi ba, da gangan aka kafa awon kilo a kan nauyin ruwa lokacin da aka tsara shi a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. Shi ya sa galan ɗin zamzam mai lita 5 da alhazai suke tafiya da shi yake yin kilo 5 da ɗan ƙarin nauyin roba da kwali. Wannan daidaito shi ne zai ba mai girki damar sanin girman kowane mazubi da ke gidanta ba tare da ta sayi kofin awo ba.

Abin da ake bukata shi ne ƙaramin sikelin kicin mai aiki da batir, irin wanda yake nuna giram ɗaya-ɗaya har zuwa kilo 5, ana kuwa samunsa a shagunan kayan gida ba da tsada ba. A ɗora shi a kan wuri mai ƙarfi wanda yake a daidaice, kada a ɗora shi a kan darduma ko tire mai lanƙwasa. A ɗora kofin da babu komai a ciki, a danna maɓallin da yake mayar da lamba zuwa sifili domin a fitar da nauyin kofin daga lissafi, sannan a zuba ruwa har bakin da aka saba cikawa. Lambar da ta fito ita ce girman kofin a mililita. Idan ta nuna giram 300, kofin na mililita 300 ne. Haka za a yi wa finjali da ƙaramin kofin shayi na gilashi da ludayi da kwanon da ake auna shinkafa, a rubuta kowanne a takarda, a manna ta a jikin ƙofar kabad inda ido zai riƙa kaiwa. Aiki ne na yini ɗaya wanda ba a sake shi sai an sauya kofi, kuma ina ganin ya fi duk wani jadawalin da za a samo a intanet amfani, tun da jadawalin bai san kofin gidan kowa ba.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne, ko kofin da ake kira na awo ba ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka, wanda yawancin girke-girken intanet suke nufi, yana ɗaukar kusan mililita 237, ana kuma cike shi zuwa 240 don sauƙin lissafi. Na ƙasashen da suke bin awon lita, irin su Ostareliya, mililita 250 ne. Ƙaramin kofin roba da yake zuwa tare da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki kuwa mililita 180 ne kawai, domin wani tsohon awon shinkafa na Japan aka bi wajen yin sa, yana kuma ɗaukar kusan giram 150 na ɗanyar shinkafa. Wanda ya ɗauki wannan kofin ya auna fulawar kek da shi yana zaton cikakken kofi ne, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar bai sani ba. Cokulan awo sun fi zama a tsaye: cokalin shayi mililita 5, babban cokali mililita 15, wato cokalin shayi 3 ne suke yin babban cokali 1, manyan cokula 16 kuma su yi kofi mai mililita 240. Ostareliya ce ta fita dabam, nata babban cokalin mililita 20 ne.

Bayan an san girman mazubi, sai a san nauyin mililita ɗaya ta abin da za a auna. Ga fulawar da ba a danƙara ba, kusan 0.52 ne na giram, ga farin sukari 0.83, ga ɗanyar shinkafa mai dogon ƙwaya 0.8, ga man girki 0.92, ga madarar ruwa 1.03, ga zuma kuma 1.42. Idan ana neman nauyi, sai a ninka girman mazubin da wannan lamba, idan kuma nauyin aka sani ana neman yawan kofuna, sai a raba nauyin da abin da kofi ɗaya yake ɗauka. A ɗauki misalin kofin nan mai mililita 300. Fulawar da zai ɗauka ita ce 300 sau 0.52, wato giram 156, sukarin kuma kusan giram 250. Idan girkin fanke ya ce a sa fulawa rabin kilo, sai a raba 500 da 156, a sami kofi 3 da ɗan ƙari wanda bai kai rubu'in kofi ba. Wanda yake da kofi mai mililita 240 kuwa, lissafinsa ya fi sauƙin haddacewa: ledar fulawa ta kilo 1 kofi 8 ce, kilon sukari kofi 5, kilon shinkafa kofi 5 da ɗan ƙari, kofin man girki giram 220, kofin bota giram 227.

Waɗannan lambobi na ruwa da mai da zuma da sukari ana iya dogara da su, domin abubuwa ne da suke kwanciya a mazubi iri ɗaya kowane lokaci. Fulawa ce take da rikici, ita ce kuma ta fi ɓata wa mutane kwaɓi. Gari yana riƙe iska a tsakanin ƙwayoyinsa, yawan iskar kuma ya danganta da yadda aka ɗebo shi. Idan aka tankaɗe fulawa da rariya aka zuba ta a kofi mai mililita 240, tana iya tsayawa a giram 110 zuwa 115. Idan aka motsa ta aka riƙa ɗiba da cokali ana zubawa a hankali, sannan aka shafe bakin kofin da bayan wuƙa, za a sami giram 120 zuwa 130. Idan kuwa aka cusa kofin cikin buhu aka kamfato, aka kuma bubbuga shi a ƙasa don ya zauna, zai iya kaiwa giram 150 ko fiye. Kofi ɗaya ne, fulawa ɗaya ce, amma tsakanin mai sauƙin hannu da mai nauyin hannu akwai bambancin da ya kai giram 30 zuwa 40. Wannan ne ya sa mata biyu za su bi bayani ɗaya na cincin ko dubulan, na ɗaya ya yi laushi na ɗayar kuma ya yi tauri, har a fara zargin fulawar ko yis ɗin, alhali hannu ne ya bambanta. Yanayin gari ma yana taɓawa, domin fulawar da ta daɗe a buɗe cikin laimar Jidda tana cukurkuɗewa ta kwanta, ba kamar wadda aka ajiye a busasshiyar iskar Madina ba.

A ƙaramin girki na iyali wannan bambanci yana wucewa, domin hannun da ya saba yana jin kwaɓin ya ƙara ruwa ko gari. Matsalar tana bayyana ne idan aka tashi yin mai yawa, na biki ko na suna, ko na sadakar buɗa-baki a watan azumi, ko na masu sana'ar abinci a lokacin aikin Hajji. Kuskuren giram 30 a kowane kofi, idan aka auna kofi 40, ya zama kilo 1 da giram 200 na fulawar da ba a yi lissafin ruwanta ko sukarinta ko yis ɗinta ba. Don haka shawarata ga duk mai sayar da abin da aka yi da gari ita ce, ranar da kwaɓi ya yi kyau yadda ake so, a auna kowane kayan haɗi a sikeli kafin a zuba, a rubuta, daga ranar kuma a daina ƙirga kofi. Garin shinkafa na waina, da garin alkama na alkaki da funkaso, da garin gero, kowanne yana da nasa nauyi gwargwadon laushin niƙansa, saboda haka a auna cikin kofi ɗaya na kowanne sau uku, a ɗauki lambar da ke tsakiya a rubuta.

Wani wurin da ake yawan ruɗewa shi ne lambar da aka buga a jikin gwangwani ko roba. Matan nan Saudiyya sukan auna basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa, da robar zabadi, su ce roba ɗaya ta sukari, roba biyu ta garin samid, wato garin alkama mai tsaki-tsaki, kuma hanya ce mai kyau domin kowane gida yana da irin robar. Amma giram 170 da aka rubuta a jikinta nauyin zabadin da kamfani ya zuba ne, ba girman robar ba ne, ba kuma nauyin duk abin da za a zuba a cikinta daga baya ba. Haka madara mai kauri mai zaƙi, gwangwanin da aka rubuta masa giram 397 bai wuce kusan mililita 300 ba, saboda sukarin da ke cikinta ya sa ta fi ruwa nauyi. Mai kuwa akasin haka ne, robar lita ɗaya da rabi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kilo 1 da giram 380 ce. A riƙa duba harafin da ke bayan lambar, ko na giram ne ko na mililita. Masu ɗaurin kayan tsaraba ma suna da ruwa da wannan, domin lita 3 ta zuma ta haura kilo 4 a sikelin filin jirgi.

A wajen dafa shinkafa akwai wani abin lura. Idan aka ce kofi 1 na shinkafa yana shan kofi ɗaya da rabi na ruwa, kamar yadda ake yi wa basmati da aka jiƙa don kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama na Larabawa, maganar mazubi ake yi, kuma ba ta zama daidai idan aka ɗauke ta yadda take aka kai ta kan kilo. Kilo 1 na shinkafa yana cike wurin da ya kai kusan lita ɗaya da rubu'i, don haka ruwansa zai zama wannan sau ɗaya da rabi, wato kusan lita 1 da mililita 900. Wanda ya zuba lita ɗaya da rabi don ya ji an ce ɗaya da rabi, shinkafarsa za ta tsotse ruwan ba ta gama nuna ba. Shinkafar da aka turara kafin a casa ta, wadda ake kira mazza a nan, ta fi farar basmati shan ruwa, ta tuwo kuwa sai an ninka mata fiye da haka.

Ƙananan kayan haɗi su ne inda cokali ya fi sikeli aminci, domin sikelin gida ba ya rarrabe giram 2 da giram 3 sosai. Shafaffen cokalin shayi na gishiri mai laushi kusan giram 6 ne, na sukari giram 4, na busasshen yis giram 3. Babban cokali na fulawa giram 8 ne, na sukari kusan 12, na mai ko bota 14, na zuma 21. Gishiri mai manyan ƙwayoyi ya fi mai laushi rashin nauyi a cokali, saboda ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Duk awon cokali da aka rubuta a girki, shafaffe ake nufi sai in an ce mai tozo, tozon cokalin gari kuwa yana iya ninka awon. Cokulan cin abinci da ke cikin kwando ba su da girma ɗaya, don haka ba a auna yis ko bekin foda da su, ballantana maganin yaro, wanda dole ne a auna shi da abin awon da ya zo tare da shi.

Girke-girken Amurka da Ingila sukan zo da oza da fam. Oza ta nauyi giram 28 ce da ɗan ƙari, fam kuma giram 454, ozar ruwa ta Amurka kuwa awon mazubi ce mai kusan mililita 30. Sandar bota da suke ambata giram 113 ce, wato rabin kofi.

Sai kuma girkin da aka aiko daga gida da mudu ko tiya ko gwangwanin madara. Mudun kasuwa ba shi da girma ɗaya daga gari zuwa gari, kai ko a kasuwa ɗaya ma kwanon wani ya fi na wani zurfi, ana kuma auna hatsi da shi da tozo. Kafin a sha wahalar lissafi, a fara duba ko dukan kayan haɗin da mazubi ɗaya aka faɗe su. Idan Inna ta ce gwangwani 4 na shinkafa da gwangwani 1 na sukari, to rabo ne na huɗu da ɗaya, kowane kofi zai yi aikin muddin shi kaɗai aka yi amfani da shi. Inda ake bukatar sanin ainihin girman shi ne idan an haɗa da abin da ake ƙirgawa, kamar ƙwai 6 ga mudu ɗaya, ko ƙullin yis guda. A nan sai a roƙi wadda ta ba da girkin ta cika mudun da ruwa, ta juye shi a gorar ruwa da aka san girmanta, ta faɗi gora nawa ya cika, ta kuma faɗi ko da tozo take aunawa. In akwai mai sikeli a kusa da ita, ta kai masa cikin mudu ɗaya na garin ya auna, wannan ya fi komai yanke shakka.

Babu inda wannan bambanci na mazubi da nauyi ya fi muhimmanci kamar zakkar fidda-kai. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya farlanta ta sa'i ɗaya na dabino ko sa'i ɗaya na sha'ir. Sa'i mazubi ne, mudun Annabi 4 ne, malamai kuma sun kwatanta kowane mudu da cikin tafukan hannu biyu na mutum matsakaici. Wannan mudu ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da mudun kasuwannin ƙasar Hausa, kuma bai kamata a haɗa su ba don sunansu ya zo ɗaya. Tun da sa'i mazubi ne, dole nauyinsa ya sauya da sauyawar abincin: sa'in alkama ya fi sa'in sha'ir nauyi, na shinkafa dabam, na dabino ma dabam gwargwadon girmansa da bushewarsa. Tun a zamanin magabata an sami saɓani wajen ƙaddara shi da nauyi, inda Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ce rudali 5 da sulusi ne na Bagadaza, rudali kuwa wani tsohon awon nauyi ne, Hanafiyya kuma suka ce rudali 8.

A nan Saudiyya lambobi biyu ne suka fi yawo a bakin mutane. Shaihu Muhammad ɗan Salih al-Usaimin, malamin Unaiza wanda ya rasu a 2001, ya ƙaddara sa'in Annabi da kilo 2 da giram 40 na alkama mai kyau. Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz, wanda ya rasu a 1999, ya ce kusan kilo 3 ne, kuma a kan wannan ne ake ɗaura yawancin ƙananan buhunan shinkafa da ake jerawa a bakin shaguna da gefen titi a kwanakin ƙarshe na azumi. Mai lura zai ga cewa lambar farko an ɗaure ta da alkama, don haka ba a ɗaukar ta a ɗora wa kowane abinci kai tsaye, ta biyun kuma ƙiyasi ne mai yalwa wanda yake fitar da mutum daga shakka. Masu binciken zamani da suka auna sa'i da lita galibi sun ajiye shi tsakanin lita biyu da rabi zuwa lita 3, idan kuwa aka ninka wannan da 0.8 na shinkafa, za a sami kilo 2 zuwa kusan kilo biyu da rabi. Ke nan wanda ya ba da kilo 3 na shinkafa ya cika sa'i har da ƙari a kan wannan lissafi.

Hukuncin abin da ya wajaba na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da ya shafi awo shi ne, mai son ya bi asali yana iya kamfatar abincin da tafukansa biyu a cike sau 4 ga kowane mutum ɗaya, idan hannunsa matsakaici ne, ya zuba a roba, ya ɗora a sikeli ya ga abin da ya fito, ya rubuta lambar tare da sunan abincin domin baɗi. Idan ya sauya daga shinkafa zuwa gero ko dabino, sai ya sake aunawa, domin lambar bara ta shinkafa ce kaɗai. Mai bin ƙiyasin kilo 3 kuma ya ninka da yawan mutanen da yake ciyarwa tun kafin ya je sayayya, ya kuma duba nauyin da aka rubuta a jikin ƙananan buhunan, domin ba dukansu ne suke cika kilo 3 ba. Magidanci mai mutum 7 a wuyansa, har da shi kansa, kilo 21 ne a kansa bisa wannan ƙiyasi, don haka buhu 2 masu kilo goma-goma ba su isa ba sai ya ƙara kilo 1.